Ƙyallin Motar Abdulshakur

SHAFI NA 14

Ke Hauwa'u ta Mabera, da kika turo min murya har uku kina cewa za ki zo gida ki ƙwace wayata, to ga shi nan, ki sarara wa kunnena. Ku kuma masu yabon Wasila a shafin baya kuna cewa ta iya kula da miji, ku riƙe yabonku tukuna. Ni da na san abin da ke gaba ko tafi ban yi mata ba.

*

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Juma'a Wasila ta ji tsayawar kabu-kabu a ƙofar gida. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ƙara shafa turare, ta fito da sauri har tana tuntuɓe da buta.

Mijinta Hayatu ne ya dawo daga bitar kwana huɗu da ofishinsu ya tura shi Birnin Kebbi.

A rumfar kwano ta jikin zaure motar take, an lulluɓe ta da tsohon zanin gado. Tsohuwar Marsandi ce ruwan toka, ta yayan Hayatu, Abdulshakur, wanda duk Ƙofar Kware ke kira Mai Kunne saboda tsagar da lauje ya yi masa a kunnen hagu tun yana yaro. Sati bakwai ke nan da zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi a wata tafiya da ya yi Legas, can kuma aka binne shi.

Tun da motar nan ta dawo hannun Hayatu bai ƙara dariya ba. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya ɗauki tsumma da man goge baki ya bi ƙarafan adon nan masu ƙyalli ɗaya bayan ɗaya. Bamba, ragar gaba, siraran da suka zagaye gilasai, mariƙan ƙofa, har tambarin da ke kan hanci. Yana gogewa yana share ido da hannun riga, ita kuma tana leƙensa ta taga zuciyarta na ƙuna.

Amaryar wata biyar ce, ba ta san yadda ake lallashin namiji mai makoki ba. Sai ta yi abin da ta ga za ta iya. Ta ce in motar ta daina kama da ta mamaci, wataƙila mijinta ya samu sauƙi. Ranar Litinin yana fita ta ja ta zuwa wurin Stephen mai fentin mota, wanda ake kira Baban Gloria, mijin Lydia abokiyar aikinta a makarantar firamare, ta ce ya mayar da duk ƙyallin nan baƙi, irin yadda 'yan gayu ke yi yanzu.

"Malam, sannu da hanya. Kafin ka shiga, rufe idonka."

"Wasila, a gajiye nake."

"Don Allah, minti ɗaya."

Bai rufe ba. Ita dai ta kama gefen zanin ta fizge tana murmushi.

Jakar hannunsa ta faɗi ƙasa.

Ya dubi motar. Ya dubi Wasila. Ya juya ya dubi titi, kamar mai tunanin ko gidan wani ya shigo.

"Motar wa ce wannan?"

"Taka mana."

"A'a. Ina motar Yaya?"

"Ita ce, Malam. Kwalliya aka yi mata."

Ya zagaya baya ya karanta lamba. Ya dawo gaba ya sake karantawa. Ya sa yatsa a kan bambar da a da mutum ke ganin fuskarsa a jiki, yanzu ta koma baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

"Mi kinka yi?"

Murmushin ya fara bushewa a fuskarta. Hayatu ba ya juyewa zuwa harshen ƙauyensu sai ransa ya kai maƙura.

"Na ga kullum in ka gan ta sai ka yi kuka, shi ne na ce..."

"Yau wace rana ce?"

"Juma'a."

"Ƙarfe nawa?"

"Goma da rabi ta ɗan gota. Malam, lafiya?"

Ya zaro makulli daga aljihu ya durƙusa ya hau kankare bambar. Kankara yake da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Baƙin ya ɗan ɓantare, amma abin da ya fito ƙarƙashi ba ƙyalli ba ne, wani fari-fari ne dusu-dusu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba."

"Baba kuma? Wani abu ya samu Baba?"

"Kin kashe ni, Wasila."

"Ni? Me ya haɗa Baba da fenti? Baban da ko gani ba ya yi sosai?"

Ya ɗago ya dube ta da jajayen idanu.

"Ɗauko mayafinki. Wa ya yi aikin nan?"

"Baban Gloria."

"Shiga mota."

Ta shiga, mayafin a juye, takalmi wari da wari. Ko abincin da ta kwana biyu tana shirya masa ba ta tuna ta rufe ba. Duk hanya tana satar kallonsa, tana lissafa laifinta a zuci ba ta gano shi ba. Fenti ne fa. Fenti kawai.

*

Stephen yana zaune a kan benci a bakin garejinsa, ya buɗe abincin da Lydia ta zubo masa, shinkafa da miyar manja a wani faffaɗan farantin silba. Shekararsa ashirin a Sakkwato tun da ya baro Kafanchan, kuma duk mai mota a unguwar ya san aikinsa ba ya tashi.

Yana hango Marsandin ya miƙe yana washe baki.

"Oga Hayatu! Ka ga aiki ko? Madam ta ce kada in gaya maka."

"Stephen, cire shi."

"In cire me?"

"Baƙin nan. Duka. Yanzu."

Stephen ya dubi Wasila. Ta ɗaga masa kafaɗa, hawaye na taruwa a idonta.

"Oga, bai yi kyau ba ne? In akwai inda ya ɗiga sai in gyara."

"Ba sitika ba ce? Na ga yaran nan suna liƙawa suna ɓarewa. Ɓare shi."

Stephen ya ajiye cokali a hankali.

"Oga, zauna."

"Ba ni da lokacin zama."

"To ka ji a tsaye. Ni ba na sa sitika. Ranar garin nan ba ta barin sitika, wata biyu ta kumbura ta fara ɓarewa kamar bawon albasa, mai mota ya dawo yana zagina. Na daina tun tuni."

"To me ka yi?"

"Fenti ba ya kama ƙarfe mai santsi. Dole sai ka kashe santsin. Samfefa nake sawa in goge ƙyallin tas, in fesa na ƙasa, in fesa baƙi sau uku." Ya juya wurin Wasila. "Madam, ban tambaye ki ba? Na ce na wucin gadi kike so ko wanda ba ya fita?"

Wasila ta sunkuyar da kai.

"Na ce wanda ba ya fita."

"Har kika ce ko jikokinku su zo su same shi."

Ni kam da ina wurin da na toshe wa Stephen baki. Gaskiya ce yake faɗa, amma ba yau ake son jin ta ba.

Hayatu ya dafa motar.

"In ka wanke baƙin da tina, ruwan cire fenti, fa?"

"Zai fita. Amma abin da za ka samu a ƙasa gogaggen ƙarfe ne. Ƙyallin yana cikin sharar da na zubar ranar Talata."

"Fesa masa fentin silba."

"Fentin silba toka ne, Oga. Suna kawai ya tara. Ba ya mayar da rana."

"Sababbin ƙarafa fa?"

"Na wannan tsohuwar? Sai an aika Kano, wataƙila ma Legas. Sati ɗaya in an yi sa'a. Kuma yau Juma'a, 'yan kayan gyara sun fara ja da ƙofofinsu."

Hayatu ya sulale ya zauna a ƙasa, cikin baƙin mai da ƙurar fenti, da farar shaddarsa.

Stephen ya rasa inda zai sa hannunsa. Wasila ta durƙusa a gaban mijinta.

"Malam, don girman Allah ka fitar da ni daga duhu. Na yi laifi, na yarda. Amma ban san laifin me na yi ba."

Hayatu ya ɗago ya dube ta.

"Ina kike zaton nake zuwa duk Juma'a?"

"Kwalkwalawa. Gaida Baba."

"Lahadi fa?"

"Kwalkwalawa."

"Ba ki taɓa tambayar kanki me ya sa ranar Lahadi nake hawa kabu-kabu ga mota a gida ba?"

Ta tambayi kanta mana, ya fi sau goma. Ta ɗauka tsimin mai yake yi.

"Ranar Lahadi ni ne Hayatu," ya ce. "Ranar Juma'a Abdulshakur ne."

Stephen ya ja da baya taku ɗaya.

"Oga, Mai Kunne ai ya rasu. Na je gaisuwa."

"Baba bai sani ba."

Wannan Wasila ta san shi. A satin da aka yi rasuwar jinin Baba Arzika ya hau har ya faɗi, likita ya ce wani tashin hankalin zai iya tafiya da shi. Aka yi zaman makoki a birni, aka bi maƙwabtan ƙauye gida-gida aka roƙe su su kama bakinsu. Ita kanta an ja mata kunne. Abin da ba ta gane ba shi ne inda mota ta shigo.

"Shekara uku da suka wuce," Hayatu ya ce, "Yaya ya sayar da fadamar da Innarmu ta bar masa. Masu gina ɗakunan 'yan jami'a suka saya. Da ita ya sayi motar nan. Baba ya rantse kada ya ƙara taka masa ƙofar gida."

"To?"

"Bai ƙara takawa ba. Amma bai fasa zuwa ba. Duk Juma'a ƙarfe sha biyu zai tsaya a bakin gona, nesa da gida, ya juya hancin motar wajen ƙofa. Ba ya fitowa. Gwaggo Bara'atu ta zo ta karɓi goro da sukari ta koma. Shi ke nan."

"Baba fa?"

"Yanar ido ta rufe shi, ba ya gane mutum ko a gabansa yake. Amma yana ganin haske. In rana ta bugi ƙarafan nan, yana gani daga kan tabarmarsa. Ba ya cewa komai. Amma Gwaggo ta ce ranar ce kawai yake cinye tuwonsa."

Wasila ta ɗora hannu biyu a ka.

"Juma'ar farko bayan rasuwar ban je ba. Ya ƙi cin abinci kwana biyu, yana ta tambaya ko an ga motar yaron nan. Shi ne na ɗauki makulli."

"Goge-gogen Alhamis..."

"Don ya hango da kyau."

"Me ya hana ka gaya min?"

"In ce miki me? In ce ina shiga motar mamaci ina yaudarar ubana? Ko a sallah kunyar faɗa nake ji."

Stephen ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Allah ya sani, Oga, da na sani ko da bindiga ba zan taɓa ta ba."

"Ba laifinka ba ne."

"Nawa ne," in ji Wasila.

Ba wanda ya musa mata, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata. Ta miƙe tana juyi a tsakar garejin, ba ta san me take nema ba. Su ce motar ta lalace? Baba zai ƙi cin abinci. Su ari wata? Wace mota ce a garin nan ke da ƙarafa irin na wannan tsohuwa, kuma wa zai ba da aro cikin rabin sa'a? Tana cikin haka wani haske ya soke mata ido har ta kare da hannu.

Farantin Stephen ne a kan benci, rana ta faɗo a gefensa.

"Baban Gloria, ara min farantin nan."

"Madam, abinci ne a ciki."

"Juye shi."

"A ina?"

"Ko'ina!"

Bawan Allah ya juye shinkafarsa a murfin bokitin fenti. Ya goge farantin da tsumma, ya huda gefe biyu da ƙusa, ya ɗaure shi da waya a jikin ragar gaba. Ya ja baya ya karkata kai yana kallo.

"Oga, ban taɓa yin aiki mai muni irin wannan ba."

"Yana ƙyalli?"

"Yana yi."

"To ya isa."

"Lydia za ta tambaye ni farantinta."

"Ka ce yana wurina," Wasila ta ce, tana rufe ƙofa.

*

Suka kama hanyar jami'a. Farantin yana ta ƙarar kwaram-kwaram a gaba, masu kabu-kabu na waiwaye suna nuna su. Wasila ta ƙudundune a kujera tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa.

Sha biyu da minti biyar suka tsaya a bakin gona. Hayatu ya juya hancin motar yadda ya saba, ya kashe inji, ya ɗaga gilasai.

Can nesa, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ga Baba Arzika a kan tabarma, da farar riga da sandarsa a gefe. Fuskarsa tana kallon wajensu.

"Ya gani?" Wasila ta yi raɗa.

"Ban sani ba."

"Kullum haka yake zama?"

"Yi shiru."

Gwaggo Bara'atu, ƙanwar Baba da ke jinyarsa, ta fito daga zaure ta nufo su. Tana tafe tana rage sauri. Da ta kusa sai ta tsaya cak, ta kama haɓa, ta zagaya motar sau ɗaya kafin ta zo taga. Hayatu ya ɗan sauke gilas.

"Hayatu, mi na na wanga? Wa ya ƙone ta?"

"Fenti ne, Gwaggo."

"Hwenti? Wanga kwano hwa da kunka rataya mata?"

"Dogon zance ne. Me ya ce?"

Ta leƙo ta ga Wasila, ta sake kama haɓa.

"Har da amarya? Yau na ga abin da ya ishe ni."

"Gwaggo, me ya ce?"

"Cewa yay yi in zo in diba mashi ko wa na. Ya ce hasken Abdulshakur dogo na, layi-layi, sama da ƙasa. Wanga ko dunƙule guda, awa wata."

Wasila ta matso wajen tagar.

"Ki ce masa shi ne. Ki ce gyara aka yi."

"Ni na gaji da ƙarya, ɗiyata. Sati bakwai ina ta, har na hwara mance wadda niy yi jiya."

"Gwaggo," Hayatu ya ce a hankali. "Waiwaya."

Ta waiwaya.

Baba Arzika ya dafa sanda ya miƙe.

Mutumin da tun faɗuwarsa ko bayan gida sai an riƙe shi. Ya tsaya yana rangaji, ya daidaita, ya ɗaga ƙafa ya sauke. Ya sake ɗagawa.

"La ilaha illallahu," in ji Gwaggo. Ta kwasa da gudu. "Yaya! Yaya, ina za ka? Koma ka zamna!"

Ya ture hannunta da sanda bai ko juya ba.

"Ja motar," Wasila ta ce. "Malam, ja mu tafi!"

Hannun Hayatu yana kan makulli.

"In na ja, zai ce Yaya ya gan shi tafe ya gudu."

"In ka tsaya fa?"

Bai murɗa makullin ba.

Tafiyar da yaro zai yi cikin minti ɗaya, Baba ya yi ta a kusan goma. Sau biyu yana tsayawa ya huta a kan sandar. Gwaggo na biye da shi da hannuwa a buɗe, tana kuka ba sauti. Wasila ta zame ƙasan kujera ta toshe bakinta da mayafi.

Sandar ta bugi taya.

Ya miƙa hannu yana lalube, ya ci karo da farantin. Ya shafa shi. Ya ƙwanƙwasa da farce. Ya kai yatsun hancinsa.

"Manja," ya ce. "Bara'atu, mi ya kawo kwanon abinci ga hancin mota?"

Gwaggo ta kau da kai.

Ya bar farantin ya bi jikin motar da tafin hannu. Ya samu tambarin kan hanci, ya zagaya shi da yatsa. Ya gangaro kan siririn ƙarfen da ya bi gefe, ya shafa gaba, ya shafa baya.

"Ita ta. Motar ta." Ya sake shafawa. "Amma an kashe mata haske."

Ya matso har jikin tagar direba. Numfashinsa na fita da ƙyar, Hayatu na jin sa ta 'yar kafar gilas.

"Abdulshakur."

Hayatu ya runtse ido.

"Kai ka kashe shi, halan? Ka gaji?"

Hayatu ya cije hannun rigarsa.

"Ka yi gaskiya. Shekara ukku kana zuwa kana tsayi cikin rana, ko ruwa ban taɓa aiko ma ba. Ko ni na, da na gaji. Da nig ga hasken ga bai zo ba yadda ya saba, sai gabana ya hwaɗi. Nic ce yaron ga sallama ta yaz zo yi. Ya rataya kwano don in san ya zo na ƙarshe."

"Yaya, mu koma inuwa," Gwaggo ta ce cikin kuka.

"Bari ni, Bara'atu. Tun Laraba nika hwara jiran wagga mota, ke kin sani. Motar da nit tsine ma."

Ya jingina sandar a jikin ƙofa, ya dafa gilas da hannu biyu.

"Hwadama ƙasa ta. Su gina ɗakunansu har su taɓo sama. Na yahe ma, duniya da lahira. Rantsuwata ni ka yin kaffara tata, ba kai ba. Ka ji?"

Wasila tana jin kujerar Hayatu na girgiza.

"Ba ka magana? To ban matsa ma ba. Buɗe in taɓa ka dai. Shekara ukku ban taɓa ɗana ba."

Ta girgiza wa mijinta kai daga inda take. Kada ka buɗe. Don Allah kada ka buɗe.

To wa zai iya? Ku gaya min, a cikinku wa zai iya barin gilas ɗin nan a rufe?

Hayatu ya murɗa mariƙin, gilas ya sauka.

Hannun tsohon ya shigo. Ya sauka a kan hula. Ya gangaro goshi, ya shafa gira, ya tsaya a kumatu inda hawaye ya jiƙa.

"Kuka kakai? Bari, bari. Ya wuce."

Ya shafa gemu yana 'yar dariya.

"Ka rame."

Yatsun suka hau gefen fuska, suka kama kunnen hagu, yadda mutum ke laluben abin da ya san yana nan.

Suka tsaya.

Suka bi gefen kunnen daga sama har ƙasa. Suka koma sama suka sake bi.

Dariyar ta ɗauke.

"Ina tsagar lauje?"

Daga masallacin ƙauye aka fara kiran sallar farko.

Bai saki kunnen ba. Ya sunkuyo da fararen idanunsa har cikin motar.

"Hayatu?"

"Na'am, Baba."

"Yau ba Lahadi ba ta."

"A'a, Baba."

"Mi kakai cikin motar Abdulshakur?"

Hayatu ya damƙe sitiyari.

"Waccan Juma'a, wa yaz zo?"

"Ni ne."

"Wadda ag gabanta hwa?"

"Ni ne, Baba."

Tsohon ya juya kansa a hankali wajen da yake jin shessheƙar Gwaggo, ya sake juyowa. Yatsunsa suka ƙara matse kunnen.

"Hayatu, ina ɗana?"